Yadda Muka Zana Taswirar Itatuwan Magani a Kudancin Kano

A kasuwa muka fara aikin, tun kafin a taɓa na'ura ko a shiga daji. Mun zazzauna da masu baza sassaƙe da saiwoyi a Kurmi da kasuwannin ƙauye na wajajen Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, muna tambayarsu wane magani ne ya yi tsada a 'yan shekarun nan, wanne ne yanzu sai an yi nisa kafin a samo shi, wanne ne kuma sassaƙensa ya sirance. Tambayar ƙarshen nan ita ta fi amfani. Ɓawon maɗacin da aka saro daga tsohon itace yana da kauri da nauyi a hannu, cikinsa jawur. In ka ga tabarmar mai magani cike da siraran sassaƙe masu naɗewa da kansu, to manyan sun ƙare a inda yake ɗebowa, an koma kan ƙanana.

Daga nan aka tsayar da jerin itatuwan da za a bi. Ba a iya bin kowane tsiro, kuma wanda ya gwada zai tara bayanai masu yawa marasa zurfi. Ma'aunin da muka ɗauka shi ne sashen da ake cira. Sabara da kalgo da tafasa da rai-ɗore ganyensu aka fi so, ana tsinka suna tohowa, don haka muka bar su. Wanda ake sassaƙar ɓawonsa ko ake tonon saiwarsa shi ke mutuwa a tsaye: maɗaci, hano, marke, sanya da ake wa laƙabi da uwar magunguna, tsada, rawaya, tafashiya, taura. Muka ƙara da ƙirya da madobiya, domin su bayan magani akwai 'yan gawayi da masu katako a kansu. Jerin da ya haura goma sha biyar yana gajiyar da masu aiki, ido ya daina gani. Madobiya ta shiga jerin CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin tsirrai da dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, tun 2017, maɗaci da kawo suka bi ta a 2023, amma wannan doka katakon da ke ƙetare iyaka take dubawa. Ba ruwanta da mai ɗan gatari da ke cika buhu da ɓawo don kasuwar Juma'a, kuma shi ne taswirarmu take son ta gani.

Izini ana bin sa daga sama: hakimi, dagaci, mai unguwa. Sai Sarkin Baka, wanda maharbansa suka fi kowa sanin lungunan daji, da arɗon Fulanin da ke kiwo a wurin. Shiga gandun daji na gwamnati irin Falgore kuwa sai da takarda daga ma'aikatar da ke kula da shi, da ma'aikacinta a cikin tafiyar. Batun tsaro kowace safiya ake tambayarsa sabo, labarin jiya ba ya aiki yau. Duk yankin da aka ce kada a shiga ba mu shiga ba, sai dai mun shata shi a taswira da launin toka, ma'ana "ba a duba ba". Barin sa fari babban kuskure ne, domin mai karanta taswira zai ɗauka an je an tarar babu komai.

Da masu magani kuwa, tun zaman farko aka yi magana a fili. Ba ma rubuta haɗi, ba ma tambayar abin da ake gamawa da me. Sunan itace muke so, da sashen da ake ɗiba, da inda yake. Aka kuma yi alkawarin cewa ainihin lambobin wurare ba za su fita ba sai da yardarsu. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta tanadi neman yardar masu ilimin gargajiya kafin a yi amfani da shi, amma ko ba ita, wanda ya gaji wurin tonon sanya daga mahaifinsa ba zai kai baƙo can ba sai ya san me za a yi da saninsa. Inda ba a yi wannan magana ba, za a zagaya da kai ne a nuna maka itatuwan bakin hanya da kowa ya sani.

Taswirar farko a ƙasa aka zana ta, a inuwar ƙofar dagaci. Aka ja hanya da sanda, aka zuba toka a matsayin ƙorama, duwatsu suka tsaya wa tsaunuka, aka shata burtali da fadama da maƙabarta. Kowane itace aka ba shi alamarsa, wannan ƙwallon goruba, wancan tsinke. Tambayar da muke yi ita ce, "Baba, ina kuke samo shi yanzu, ina kuma kuke samo shi a da?" Kalmar "da" ba ta da iyaka, shi ya sa muke ɗaure ta da abin da kowa ke tunawa: kafin a gama dam ɗin Tiga a 1974, ko lokacin farin 1984, ko kafin kwalta ta iso garin. Zaman mata daban aka yi shi, a cikin gida, mace ce ta jagoranta. Ungozoma da masu zuwa itace sun san ƙananan tsirran saura da gefen gona waɗanda maza ba sa ambata ko kaɗan, kuma a gaban dagaci ba za su gyara wa namiji zance ba. Makiyaya su ma nasu daban, su ne ke kaiwa inda manomi ba ya zuwa. Bayan an gama sai a ɗauki hoton zanen daga sama, a kwafe shi a kan hoton tauraron ɗan Adam da aka buga a babbar takarda, masu zanen suna tsaye suna gyara.

Suna kaɗai ba ya isa shaida. A wani gari hano ake kira ararraɓi, a wani kuma ararraɓi itace ne daban, mai koren jiki, da ake dasawa a shinge. Marga ma fiye da itace ɗaya ke amsa sunan. Kauci kuwa dole a rubuta itacen da ya hau, domin mai magani bai ɗauki kaucin ɗorawa da na kaɗanya abu ɗaya ba. Ƙamus ɗin sunayen tsirrai na Hausa da Dalziel ya fitar a 1916 yana taimakawa wajen fara bincike, sai dai samfuri ne ke yanke hukunci. Ga kowane suna a kowane gari muna yanko reshe mai tsawon kamar santimita 30, da ganyensa, da fure ko 'ya'ya in akwai, har guda uku. A shimfiɗa shi cikin tsohuwar jarida, a juya ganye ɗaya ko biyu bayansu ya kalli sama, a sa kwali tsakani, a matse da katako biyu da igiya. Lambar da aka rubuta a jaridar ita za a rubuta a fom, ita ce kuma a kan ambulan ɗin da aka sa guntun ɓawo ko saiwa. Kullum ake sauya jarida har samfurin ya bushe. A damina kwana biyu kawai in aka yi sakaci zai yi funfuna, ganyen ya baƙe ya zube. Guda ɗaya ya tafi ɗakin adana samfurin tsirrai na jami'a don tantancewa. Na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da na Bayero a Kano su ne kusa, akwai kuma na NIPRD, cibiyar binciken magunguna ta ƙasa, a Abuja da na cibiyar binciken gandun daji a Ibadan.

Wayar hannu ta wadatar wajen ɗaukar wuri, muddin an saita ta daidai. Mun gina fom a KoboToolbox, dandalin tattara bayanai, ana cike shi da manhajarsa ta waya, KoboCollect, ko babu sabis, domin GPS da tauraro yake magana, ba ya bukatar layi. Duk wayoyin aka sa su a WGS84, tsarin lambobin wuri da GPS ke aiki da shi, lambobi a digiri da ɗigo, gida biyar bayan ɗigon. Gida na biyar kusan mita ɗaya ne a ƙasa, abin da ya wuce haka ado ne. Aka kuma hana fom karɓar wuri sai kuskurensa ya sauko ƙasa da mita 10, a fili ma muna jiran mita 5. Wayar da aka fito da ita daga aljihu yanzu takan ba da wurin da ta sani na baya, saboda haka a tsaya minti ɗaya ko biyu lambar ta natsu. Ƙarƙashin babban maɗaci ko a gindin dutse sigina na karkacewa. Abin yi shi ne a fito fili a ɗauki wurin, a rubuta cewa itacen na mita kaza gabas ko yamma. Zafin bazara yana kashe waya, haske yana hana ganin allo, batir ba ya kai la'asar. Fawabank biyu da fom na takarda da fensir ba sa barin jaka. Biro yana narkewa da gumi.

Yanzu ga inda aikin yake. In aka bi ɗan rakiya kawai, zai kai ka wurin itacen da ya fi girma da kyau, taswira ta fito da ɗigo-ɗigo a bakin hanya da kewayen gari, ta nuna inda ƙafa ta taka maimakon inda itace yake. Don haka muka haɗa hanya biyu. Wuraren da masu magani suka nuna an je an ɗauke su. Sannan aka ja layuka a taswira tun daga gida, suna fita daga gari zuwa daji, suna ratsa gona da saura da fako da bakin ƙorama da dutse, aka bi su da ƙafa ko akwai itace ko babu. Kowane layi kilomita ɗaya ne, ana duba mita 10 dama da mita 10 hagu, wato hekta biyu ke nan. Duk bayan mita 250 a tsaya a kafa fili mai mita 20 a mita 50, kashi ɗaya cikin goma na hekta, a ƙirga komai na cikin jerin, har da kututture da ramin da aka tone saiwa. Filin da ba a sami komai ba shi ma ana cike masa fom a rubuta sifiri. Sabbin ma'aikata sukan tsallake wannan, suna ganin ɓata lokaci ne, alhali sifirin nan shi ne zai nuna inda itace ya ƙare.

Kowane itacen da ya kai a auna, ana zagaya shi da tef a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, a raba abin da aka samu da 3.14 a sami kaurinsa. Sanda muka yanka daidai wannan tsayi, don kada dogo da gajere su auna wuri daban. A gangare ana tsayawa ta gefen tudu. In itacen ya rabu biyu ƙasa da wurin awo, kowane reshe a auna shi daban. In wurin awon ya faɗa kan tabon sassaƙa da ya kumbura, a ɗan haura a rubuta cewa an haura.

Raunin ɓawo muna ba shi mataki, muna kallon jikin itacen daga ƙasa zuwa mita biyu, iyakar inda hannu da gatari ke kaiwa. Sifiri babu rauni. Ɗaya, abin da aka cire bai kai kashi 10 cikin ɗari ba. Biyu, zuwa kwata. Uku, zuwa rabi. Huɗu, ya haura rabi. Biyar, an zagaye shi, ko da zoben bai fi faɗin tafin hannu ba. Wannan na biyar ya fi na huɗu muni duk da ɓawon da aka cire zai iya zama kaɗan, domin abincin da ganye ke haɗawa ta cikin ɓawo yake sauka zuwa saiwa. In aka yanke hanyar ko'ina, saiwa ta mutu da yunwa, itacen yana nan kore shar wata da watanni kafin ya bushe. Mai duba ganye kawai zai rubuta shi lafiyayye. Kafin a rarrabu, duk masu aikin sai sun ba itatuwa guda ashirin maki kowa shi kaɗai, a kwatanta, a yi gardama har ido ya zo ɗaya. In ba haka ba, ukun wani biyun wani ne. Abu biyu ke ruɗar sabon shiga: hano da kansa yake saɓule ɓawonsa na waje mai kama da takarda, wannan ba rauni ba ne, sai an ga sara ya kai jan ciki, tabon gobara kuma daga ƙasa yake tashi, baƙi, ba shi da gefe mai kaifi irin na gatari. Sassabe rassa da makiyaya ke yi wa madobiya da maɗaci da kawo a rani gurbinsa daban a fom, saboda itacen da ake aske wa kai duk shekara ba ya samun yin 'ya'ya sosai.

Sai ƙananan. A kusurwar kowane fili ana ware mita 5 a mita 5, a durƙusa a ƙirga duk abin da bai kai mita ɗaya ba. A ɗan tona gindinsa da yatsa: wanda ya fito daga iri saiwarsa siririya ce tilo, wanda ya toho daga tsohon kututture kuwa za ka ci karo da dunƙulen itace. Dajin da ke da manya ɗari babu ɗa ko ɗaya daga iri, a taswirar ɗigo zai fito cike, amma ya riga ya kama hanyar ƙarewa.

Zuwa ɗaya ba ya isa. Da kaka, wajen Oktoba da Nuwamba, ganye na nan, ana gane yawancin itatuwa, hanya ma ta fara bushewa. Amma rawaya a lokacin ta ɓuya cikin ciyawa. Sai rani, bayan wuta ta ci daji, furenta rawaya zai ɓullo a kan baƙar ƙasa ba ganye ko ɗaya, ana hango shi daga nesa, masu tono ma lokacin suke samun ta. Madobiya da hunturu take fure bayan ta zubar da ganye. Sanya kuwa gab da faɗuwar damina take fitar da furenta mai ruwan hoda da shuɗi, ƙamshinsa kan riga ido isa wurin.

Bayanan da aka tara a QGIS muka zuba su, manhajar kyauta ce. Kallon farko na neman kuskure ne. Wanda ya fi yawa shi ne juya lambar arewa da ta gabas a fom ɗin takarda, kuma a nan yankin yana da wuyar kamawa, domin ɗigon ba ya faɗawa teku balle a gane. Birnin Kano yana wajen 12.0 arewa, 8.5 gabas, in aka juya su sai ya koma kusa da Ganye a Adamawa, yana nan cikin Najeriya abinsa. Na biyu shi ne wanda wayarsa ke nuna digiri da minti ya kwafe digiri 11 da minti 30 a matsayin 11.30, alhali 11.50 ne, tazarar kusan kilomita 22. Tsofaffin taswirorin safiyo da na iyakar gandun daji kuma a ma'aunin Minna, tsohon tsarin lambobin wuri na Najeriya, aka yi su. In aka ɗora su kan WGS84 ba tare da an gaya wa manhajar ba, iyaka takan goce da gomomin mita, itacen cikin gandu ya koma gonar wani. Wajen auna nisa da faɗi sai a mayar da komai UTM, tsarin da ke ba da wuri a mita maimakon digiri, shiyya ta 32, wadda ta ɗauki tsakanin digiri 6 da 12 gabas. Hoton tauraron ɗan Adam na Sentinel-2 kyauta ne, amma kowane ɗigonsa mita 10 ne, ba ya bambance marke da maɗaci. Amfaninsa nuna inda gona ta ci daji tsakanin shekara da shekara, kuma na ƙarshen damina ya fi na hunturu, da ƙura ke dusashewa.

Da aka sa wa ɗigogin launi gwargwadon rauni, aka ɗora sifirin a kai, hoton ya sha bamban da wanda aka zana a ƙofar dagaci. Manyan maɗatai a cikin gari suke, bakin titi da harabar makaranta da maƙabarta, kusan kowanne da tabo daidai tsayin hannun mutum, ƙananansu kuwa sai a bakin ƙorama inda garma ba ta kai. Sanya kusa da gari ramuka suka fi itatuwan yawa. Hano ya tsira daga noma saboda a kan dutse yake, abin da ke cin sa masu fasa dutse ne. Akwai jarabar a ɗauki ma'aunin IUCN, ƙungiyar duniya mai fitar da jerin halittun da ke cikin haɗari, na murabba'i mai kilomita 2 a kilomita 2 a ce itace kaza ya shiga haɗari. Wannan ma'auni na duk faɗin inda itacen ke rayuwa ne a duniya. Ƙananan hukumomi uku ba su isa a yanke wannan hukunci ba. Abin da za a iya cewa shi ne ya ragu a nan.

Taswira biyu muka fitar. Wadda ake nuna wa jama'a da hukuma an rage lambobinta zuwa gida ɗaya bayan ɗigo, murabba'i mai kusan kilomita 11 a kilomita 11, tana nuna yanki ba ta nuna itace. Mai cikakken bayani an buga ta a takarda, da sunayen wurare yadda mutanen garin ke kiransu, tana hannun waɗanda aka yi alkawari da su. A kula da hotuna: wayar da GPS ɗinta ke kunne tana binne lambar wuri a cikin hoton, kuma in aka tura shi ta WhatsApp a matsayin fayil lambar na tafiya tare da shi. Taswirar sanya mai lamba gida biyar in ta faɗa hannun dillali, an rage masa wahalar nema ne kawai.

A zaman mayar da bayani, masu maganin da kansu suka ware wuraren da za a huta wa da tono, da manyan itatuwan da za a bari don iri. Ƙa'idar sassaƙa ba baƙuwa ba ce a wurinsu: tsofaffi dama gabas da yamma suke sara, wanda ke barin kudu da arewa a haɗe. Abin da aka ƙara shi ne sarar ta zama siririya a tsaye, kada a kankare har farin itace, kada kuma a koma wa itace sai tabonsa ya rufe. Mai tonon saiwa ya ɗauki ta gefe ya bar uwar, ya mayar da ƙasa ya take. Wajen dashe, irin maɗaci ba ya jure ajiya, ana shuka shi da zarar ƙwallon ya fashe. Hano yana kamawa daga reshe. Sanya kuwa tana da wuyar reno kuma ba ta son a cire ta a dasa, don haka tsare ta a inda ta fito ya fi sauƙi da arha.

Daga cikin filayen muka zaɓi waɗanda za a riƙa komawa. Alamar alminiyom da ƙusa ba ta kwana biyu yara sun cire, turken katako kuma gara ko wuta. Guntun rodi muke binnewa a kusurwa huɗu, ya nutse ƙasa da inda garma ke kaiwa, a ɗauki lambarsa, a kuma rubuta nisansa daga wani dutse ko babban itace. Kowane itace a shafa masa lamba da fentin mai, da ɗan layi a daidai inda aka sa tef, domin awo na gaba ya faɗa wuri ɗaya. Fenti yana dusashewa, hano ma yana zubar da nasa tare da ɓawo, saboda haka duk shekara ake sabunta shi. Ƙidayar ƙanana da makin rauni duk shekara ne, a watan da aka yi na farko. Kauri kuwa sai bayan shekara uku zuwa biyar, domin abin da itacen daji ke ƙarawa a shekara ɗaya bai fi kuskuren tef ba.